BABI NA UKU: WAHALAR NUNA SHAUƘI DA 'YAN WASAN KWAMFUTA MASU KAMA DA MUTANE

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a dubi wata matsala da ta daɗe tana ci wa masu shirya fim da kwamfuta tuwo a ƙwarya, wato yadda za su sa ɗan wasan da aka ƙera a cikin na'ura ya nuna shauƙin da ke tsakanin namiji da mace har mai kallo ya gamsu. Za a fara da bayanin inda gizo ke saƙa ta fuskar fasaha, sannan a auna matsalar da ma'aunin fim ɗin Hausa, musamman al'adar wasan kwaikwayo da ta ginu a garin Kaduna. Dalilin yin haka kuwa shi ne, mutum na iya zaton cewa tun da ɗan wasan kwamfuta ba ɗan Adam ba ne, to mai shirya fim ɗin Hausa ya sami hanyar kauce wa takunkumin da ya hana namiji da mace taɓa juna a gaban kyamara. Wannan nazari yana ganin ba haka abin yake ba, kuma za a yi ƙoƙarin nuna dalili.

3.1 Ma'anar Wasu Kalmomi

Abin da ake nufi da ɗan wasan kwamfuta a nan shi ne siffar mutum da aka gina a cikin kwamfuta, mai tsawo da faɗi da kauri, aka yi mata ƙashi da fata da tufafi na lissafi, sannan aka sa ta motsi. Irin waɗannan 'yan wasa kashi biyu ne. Akwai waɗanda da ganinsu an san katun ne, masu manyan idanu da ƙaton kai, kamar na fim ɗin Toy Story na 1995. Akwai kuma waɗanda aka yi niyyar su yi kama da mutum sak, har a kasa bambance su da hoton kyamara. A kan kashi na biyun nan ne wannan babi ya fi mayar da hankali.

Shi kuwa shauƙi, ba batsa ake nufi da shi ba. Ana nufin wannan jan zuciya da jiki da mai kallo ke gane yana tsakanin mutum biyu ko da ba su furta ba, kuma ko da akwai tazara a tsakaninsu. Bahaushe yana da kalmomi da dama na alamominsa, kamar fari da ido da satar kallo da yauƙi da rangwaɗa da kwarkwasa. Idan aka lura, duk cikinsu babu wadda ke buƙatar hannu ya kai ga jikin wani.

3.2 Yadda Aka Gwada a Ƙasashen Waje

Gwaji na farko mai girma shi ne fim ɗin Final Fantasy: The Spirits Within, wanda ya fito a shekarar 2001. Hironobu Sakaguchi, mutumin Japan, shi ne ya ba da umarni, kamfanin Square Pictures kuma ya shirya shi a birnin Honolulu. An kwashe kimanin shekara huɗu ana aikinsa, aka kashe dalar Amurka miliyan 137. Tauraruwar fim ɗin, wadda aka raɗa wa suna Aki Ross, an dasa mata silin gashi wajen 60,000 a ka, aka yi mata ɗigo-ɗigo a fuska don kada fatar ta yi sumul fiye da ta mutum. Burin kamfanin shi ne ta zama 'yar wasa ta dindindin, a riƙa sa ta a finafinai dabam-dabam kamar yadda ake ɗaukar 'yar wasa mai rai. Har ma mujallar Maxim ta Amurka ta sa ta a jerin mata 100 da ta ce sun fi jan hankali a wannan shekara, a lamba ta 87.

To, a nan ne abin lura yake. A hoto maras motsi, Aki Ross ta ja hankalin jama'a. Amma da aka zo ga fim ɗin kansa, inda ake so a nuna tsohuwar soyayyar da ke tsakaninta da wani soja mai suna Gray, sai masu sharhi da yawa suka ce fuskokin sun yi sanyi, kamar gumaka biyu ne aka kusanta da juna. Fim ɗin ya dawo da kimanin dala miliyan 85 kawai, aka rufe kamfanin a 2002. Kafin a rufe shi ya yi wani gajeren fim mai suna Final Flight of the Osiris, wanda ya fito a 2003. A farkonsa an nuna namiji da mace sun ɗaure idanunsu da ƙyalle suna wasan takobi, kowane sara yana yanke wani yanki na tufar abokin wasa. Wannan fitowa ta fi ta fim ɗin farko armashi, kuma a ganin wannan nazari dalilin a fili yake: masu aikin sun rufe idanun 'yan wasan a mafi yawan lokaci, sun kuma sa takobi a tsakaninsu. Wato sun kauce wa abubuwa biyu da suka fi ba kwamfuta wahala, ido da taɓawa.

Daga baya Robert Zemeckis ya ɗauki tutar. Ya yi The Polar Express a 2004, inda aka yi ta ƙorafi a kan idanun yaran fim ɗin, cewa babu rai a cikinsu. A 2007 ya yi Beowulf, ya sa aka ƙera siffar Angelina Jolie ta fito a matsayin aljana mai yaudarar jarumai da kyanta. Wani abin sha'awa shi ne, wannan fitowa ta karɓu fiye da ta matan fim ɗin waɗanda aka ce 'yan Adam ne, domin ita aljana ce, ko an ga wani baƙon abu a tattare da ita sai a ce ai dama halittarta ke nan. Haka ma Avatar na James Cameron a 2009 ya ci nasarar nuna soyayya tsakanin Jake da Neytiri, amma su shuɗaye ne, dogaye, masu manyan idanu da wutsiya. Babu mai kallon da ke da wata maƙwabciya irin Neytiri da zai auna ta da ita.

Masana suna danganta wannan al'amari da ra'ayin Masahiro Mori, wani masanin ƙera mutum-mutumi a Japan, wanda ya bayyana shi a 1970. Ya ce gwargwadon yadda abu ke ƙara kama da mutum, gwargwadon yadda ake ƙara sakin jiki da shi, har sai ya zo dab da zama mutum amma bai ƙarasa ba. A wannan gaɓa sai sakin jikin ya rikiɗe ya koma ƙyama da tsarguwa. Ya kwatanta wannan faɗuwa da kwari, don haka a nan za a kira shi kwarin ƙyama. Ya kuma ce motsi yana ƙara zurfin kwarin. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba. 'Yartsana ba ta ba yaro tsoro, amma a labaran fatalwa abin da ke tayar da tsigar jiki shi ne a ce ga mutum sosai da kamanninsa da rigarsa, sai dai ba ya ƙifta ido.

3.3 Inda Gizo ke Saƙa

Ana iya tambaya, me ya sa kwamfuta ta iya nuna yaƙi da gobara da ambaliya da rushewar birni har a yarda, amma ta kasa nuna saurayi yana kallon budurwa? Amsar ita ce, kaɗan ne daga cikin masu kallo suka taɓa ganin birni yana rushewa, amma kowa tun yana goye yake karatun fuskar mutane. A wannan fanni kowane mai kallo gwani ne, ko da bai san ya gwanance ba.

Matsala ta farko ita ce fata. Fatar mutum ba kamar bangon da aka shafa wa fenti take ba. Wani kaso na hasken da ya sauka a kanta yana shiga ciki, ya yi yawo tsakanin tsoka da jini, sannan ya fito ta wani wuri kusa. Duk wanda ya taɓa ɗora yatsunsa a bakin tocila da dare ya ga sun yi ja, ya ga wannan. Kwamfutocin farko suna lissafa hasken da ya dawo daga saman fata ne kawai, shi ya sa mutanensu ke kama da roba. A 2001 ne Henrik Wann Jensen da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford suka fitar da hanyar lissafa wannan yawon haske a ƙarƙashin fata, aka yi amfani da irinta wajen ƙera Gollum a fim ɗin The Two Towers na 2002. Wannan ta rage matsalar ƙwarai, amma ba ta kawar da ita ba, domin fata mai rai tana sauyawa daga daƙiƙa zuwa daƙiƙa. Gumi yana tsattsafowa a goshi da saman leɓe, jijiyar wuya tana harbawa, numfashi yana ɗaga kafaɗa. Duk waɗannan ba da niyya mutum ke yin su ba, kuma saboda ba da niyya ba ne mai kallo ke gaskata su.

Ta biyu ita ce ido, kuma ita ce babba. Idon mutum ba ya tsayawa cik. Yana yin ƙananan tsalle-tsalle kamar sau uku a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma idan mutum yana kallon wanda yake so, idon yana kai-komo tsakanin idon dama da na hagu da baki. Ƙiftawa tana ƙaruwa ko ta ragu gwargwadon halin da zuciya ke ciki. Akwai danshin da ke kwance a gefen fatar ido ta ƙasa, wanda ke kama haske. Akwai kuma tsokar da ta kewaye ido, wadda tun a 1862 likitan Faransa Duchenne ya nuna cewa ita ce ke bambanta murmushin gaske da na yaƙe, domin baki yana iya yin murmushi bisa umarni, amma da wuya gefen ido ya bi shi in ba zuciya ta yarda ba. Masu aikin kwamfuta suna dogara da tsarin da Paul Ekman da Wallace Friesen suka fitar a 1978, wanda ya rarraba motsin fuska zuwa ƙananan rukunai, kowanne da lambarsa. Tsarin yana faɗin wace tsoka ce ta motsa, amma jerin lokacin motsin, wato wace ta riga wace kuma da tazarar nawa, shi ne ke ɗauke da ma'ana. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa. Idan aka yi jinkirin hoto uku ko huɗu wajen sauke ido, kallon so sai ya koma kallon tuhuma ko na wanda hankalinsa ba ya wurin. Don magance wannan ne a Beowulf aka manna wa 'yan wasa wayoyi a kewayen ido don ɗaukar motsinsa, a Avatar kuma aka ɗaura wa kowane ɗan wasa 'yar ƙaramar kyamara a gaban fuska.

Ta uku ita ce taɓawa. A cikin kwamfuta jikin ɗan wasa fanko ne, kamar ƙwarya, an saƙa shi da dubban ƙananan kusurwoyi. Idan aka kai hannun wani kan kafaɗar wani, babu abin da zai tare shi, sai ya nutse ya fito ta baya, in ba an rubuta wa na'ura dokar da za ta hana ba. In kuma an tsayar da shi kafin ya kai, sai ya zama yana shawagi a iska. Taɓawa ta gaske kuwa tana sa tsoka ta lotsa, riga ta tattare, wanda aka taɓa ya ɗan karkata ko ya ɗan janye, nauyin jiki ya koma ƙafa ɗaya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan lissafi ne mai zaman kansa, kuma dole su dace da juna a hoto ɗaya. Naushi a fagen faɗa yana wucewa cikin ƙiftawar ido, ba a samun damar ganin kuskure. Riƙon hannu na masoya kuwa a hankali ake yin sa, kyamara tana kusa, mai kallo yana da lokacin da zai ga komai.

Hanyar da aka fi bi don samun motsi na gaskiya ita ce a sa wa 'yan wasa masu rai matsattsun kaya masu ɗigo-ɗigon alama, kyamarori da yawa su kewaye su suna ɗaukar motsin alamomin, sannan a ɗora wannan motsi a kan siffar kwamfuta. Ita ma tana da nata cikas, domin da zarar mutum biyu sun rungumi juna, jikin ɗaya yana rufe alamomin ɗayan, kyamara ta daina ganinsu, sai an bi da hannu an cike giɓin. Wannan batu na ɗaukar motsi yana da muhimmanci ga abin da zai biyo baya.

3.4 Matsalar a Ma'aunin Fim ɗin Hausa

Garin Kaduna yana da tsohon tarihi a harkar nuna wasan Hausa a allo. A 1962 ne gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna, wanda sashensa na talabijin ya koma ƙarƙashin hukumar NTA a shekarun 1970. Daga nan ne aka san wasanni irin su Samanja na Usman Baba Pategi da Karambana na Kasimu Yero, da kuma labaran Magana Jari Ce da aka mayar wasan talabijin. Waɗannan wasanni a tsakar gida ake kallonsu, uba da uwa da 'ya'ya da yaran maƙwabta duk a gaban akwati ɗaya, daga Tudun Wada har Unguwar Sarki da Kawo. Saboda haka tun farko 'yan wasa suka koyi nuna zaman miji da mata, da neman aure, da kishi, ta hanyar magana da kallo da zolaya, ba tare da an yi abin da zai sa uba ya tashi ya bar wurin ba.

Da finafinan bidiyo suka zo, bayan Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990, soyayya ta zama babban jigo. Kaduna ta taka rawa a nan ma. A cikinta Ibrahim Sheme ya fara buga mujallar Fim a 1999, kuma a cikinta kamfanin Lerawa na Yakubu Lere ya shirya Wasila a 2000, fim ɗin da Ali Nuhu da Wasila Isma'il suka fito, wanda ya taɓo batu mai nauyi na matar aure da ta ci amanar mijinta. Manazarta irin su Brian Larkin da Abdalla Uba Adamu sun yi bayanin tasirin finafinan Indiya a kan wannan masana'anta. Abin da ya shafi wannan babi daga bayanin nasu shi ne, su ma Indiyawa sun daɗe suna kauce wa sumba a allo, suna mayar da shauƙi cikin waƙa da rawa da ruwan sama da furanni, kuma wannan salo ne masu fim ɗin Hausa suka tarar ya fi kusa da abin da jama'arsu za ta iya ɗauka.

Duk da haka ba a zauna lafiya ba. A ƙarshen shekarar 2000 gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim, a 2001 kuma ta kafa Hukumar Tace Finafinai, wadda daga cikin ƙa'idojinta akwai hana namiji da mace taɓa juna. Bayan rikicin 2007, lokacin da aka tsananta dokokin, masu fim da dama sun mayar da aikinsu Kaduna da Jos. Amma da yake babbar kasuwar kaset da faifai a Kano take, ƙa'idar ta bi su har inda suka je. A watan Oktoba na 2016 ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau, haifaffiyar Kaduna, saboda ta fito a bidiyon wata waƙa inda aka ga ta riƙe hannun mawaƙin sun kuma rungumi juna. Wannan ya nuna irin nauyin da taɓawa ke da shi a idon masana'antar da masu kallonta.

To, shin ɗan wasan kwamfuta zai warware wannan? Hujjar mai cewa e ita ce, idan siffar kwamfuta ta riƙe hannun wata siffar, babu fatar da ta taɓa fata, babu 'yar kowa da sunanta zai ɓaci, babu wadda za a ƙi aura saboda fim. Hujjar tana da ƙarfi ta wannan gefe na kare mutuncin 'yan wasa mata, kuma bai kamata a raina ta ba. Amma tana da rauni ta fuskoki biyu.

Na farko, kamar yadda aka gani a sama, siffa mai kama da mutum sak ba ta samun motsi mai gamsarwa sai an ɗauko shi daga jikin mutane masu rai. Ke nan rungumar da aka guje wa a gaban kyamara za a yi ta a ɗakin ɗaukar motsi, sai dai a ce za a nemo ma'aurata su yi, ko a sa mata biyu ko maza biyu, ko a ɗauki kowa shi kaɗai a haɗa daga baya, wanda shi kuma zai dawo da matsalar hannu mai shawagi. Na biyu, ƙorafin jama'a bai tsaya ga abin da 'yan wasa suka aikata ba, ya haɗa da abin da aka nuna wa yara da matasa. Ta wannan fuska ko da rai ko babu rai duk ɗaya ne. A 2021 Hukumar Hisbah ta Kano ta hana teloli da masu shagunan tufafi amfani da mutum-mutumin tallar kaya, alhali shi roba ne kawai wanda ko motsi ba ya yi. Idan an ɗauki mataki a kan wannan, da wuya a ce za a kau da kai daga siffar da ke motsi da magana da fari da ido. Ga kuma tsohuwar muhawarar malamai a kan hukuncin sura mai kama da abu mai rai, wadda ba hurumin wannan nazari ba ce, amma mai shirya fim ba zai iya yin kamar babu ita ba.

3.5 Abin da ke Gaban Mai Zanen Kwamfuta Bahaushe

Idan aka ajiye batun taɓawa, za a ga cewa al'adar Bahaushe ta sauke wa mai zane nauyi ɗaya daga cikin ukun da aka ambata, amma ta ninka masa sauran. A. H. M. Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki a wurin Hausawa, ya lissafa kunya cikin halayen da ake auna mutum da su. A fagen zance kuwa kunya ita ce harshen da shauƙi ke magana da shi. Saurayi yana tsaye ko zaune a zaure, budurwa ta fito ta tsaya nesa kaɗan, ta ba shi gefe, kanta a sunkuye. Tana murza bakin mayafi da yatsu, ko tana zane a ƙasa da babban yatsan ƙafa. Ya yi magana, ta yi shiru na ɗan lokaci, ta ɗago ido ta dube shi, kafin ya gama lura ta mayar. Murmushi ya zo, ta ja mayafi ta rufe baki. Duk abin da fim ɗin Holiwud zai faɗa da sumba, an faɗe shi a wannan ɗagowar ido guda. Ke nan ma'anar fitowar gaba ɗaya ta rataya a kan gaɓar da kwamfuta ta fi rauni a kanta. 'Yar wasa mai rai wadda ta tashi a Unguwar Kanawa ko Badarawa ba sai an koya mata tsawon wannan kallo ba. Mai zane kuwa sai ya zauna ya ƙirga shi hoto bayan hoto, kuma manhajojin da zai saya, da tarin motsin da ke zuwa tare da su, ba daga jikin 'yan matan Hausa aka ɗauko su ba. Tafiyar da ke cikinsu ba rangwaɗa ba ce, tsayuwar ma ba irin ta mai jin kunya ba ce.

Sai kuma tufafi. Yawancin jaruman finafinan kwamfuta matsattsun kaya ko sulke ake sa musu, kuma ba don ado kawai ba, don sun fi sauƙin lissafi. Yadi mai yawo aiki ne ja. Kamfanin Pixar sai da ya rubuta manhaja ta musamman kafin ya iya sa 'yar rigar yarinyar nan Boo ta yi motsi daidai a Monsters, Inc. na 2001. Ina ga gyale mai santsi da ke zamewa daga kafaɗa a mayar da shi, ga zanen atamfa da aka ɗaura, ga ɗankwali, ga babbar riga ta shadda da ta sha bugu, wadda saurayi ke naɗe hannunta a kafaɗa lokaci-lokaci? Kowane yadi da nauyinsa da taurinsa da irin karyewarsa. Kuma a zancen Bahaushe mayafi ba sutura ce kawai ba, da shi ake magana. Lalle ne kaɗai zai zo da sauƙi, tun da zane ne da za a shimfiɗa a kan fata, amma shi ma amfaninsa yana ga yadda hannun ke juyawa har a gan shi kamar ba da gangan ba.

Batun fata ma yana da wani salo a nan. Theodore Kim, malami a Jami'ar Yale wanda ya taɓa aiki a Pixar, ya yi rubutu a 2020 yana nuna cewa hanyoyin lissafin fata da gashi da masana'antar ta dogara da su an gina su ne a kan farar fata da miƙaƙƙen gashi. A baƙar fata, sinadarin launi da ke saman fata yana shanye kaso mai yawa na hasken da zai shiga ciki, don haka abin da ke fitar da siffar fuska shi ne sheƙin da ke dawowa daga sama, a kan goshi da kunci da karan hanci. Idan aka ɗauki lissafin farar fata aka rage masa haske kawai, sai fuskar ta fito a dushe, furu-furu, kamar ta wanda ya fita cikin hunturun Kaduna bai shafa mai ba. Irin wannan fuska ba ta isa ta ɗauki shauƙi ba. Shi ya sa da Pixar ta zo yin Soul na 2020 ta nemi shawarar Bradford Young, mai ɗaukar hoto da ya ƙware a haska baƙar fata. Haka nan jan kuncin da Turawa ke dogara da shi don nuna kunyar budurwa ba ya bayyana a fuskar baƙa ko wankan tarwaɗa, kuma buɗewar ƙwayar ido ba ta cika fitowa a ido mai duhu ba. Dole a nemi madadinsu a motsin gira da wuya da kafaɗa. Kitso kuwa, irin su shuku da zane, sai kwanan nan masu bincike suka fara ba lissafin murɗaɗɗen gashin da ake yin sa da shi kulawar da ta dace.

Tun daga 2024, da manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu haɗa bidiyo daga rubutu irin su Sora da Veo suka bayyana, kuɗin ƙera fuska mai kama da ta mutum ya faɗi ƙwarai, har mai waya a hannu yana iya gwadawa. Fatar da suke fitarwa ta fi ta Aki Ross kyau nesa ba kusa ba. Amma suna koyo ne daga tarin bidiyon da aka ɗura musu, kuma ba su ba mai aiki cikakken ikon cewa a sauke ido a hoto kaza a ɗaga shi a hoto kaza. Sun kuma zo da wani haɗari da ya shafi 'yan wasan Hausa mata kai tsaye, wato a ɗauki fuskar mace a sa ta cikin fitowar da ba ta yi ba kuma ba ta yarda ba. A al'ummar da riƙon hannu ya jawo kora, ba sai an faɗi abin da irin wannan bidiyo zai jawo wa mai fuskar ba.

A ganin wannan nazari, mai zane Bahaushe zai fi cin riba idan ya bar neman kama da mutum sak ya koma ga siffar da aka san zane ce. Finafinan kwamfuta da aka fi yabawa wajen taɓa zuciya ta fuskar soyayya daga wannan kashi suke. A WALL-E na 2008 masoyan injuna ne guda biyu, ɗaya ma idanunsa kamar tabaran hangen nesa, kuma babban burinsa a duk tsawon fim ɗin shi ne ya riƙe hannun ɗayar. A Up na 2009 an nuna rayuwar auren Carl da Ellie tun daga ranar biki har mutuwarta a cikin kimanin minti huɗu ba tare da an furta kalma ba, alhali kan Carl murabba'i ne. Da yake mai kallo bai sa ran ganin gumi ko bugun jijiya a jikin irin waɗannan siffofi ba, ba ya neman su, sai ya mayar da hankali ga karkatar kai da jinkirin motsi. A Nijeriya ma wannan hanya aka bi a Lady Buckit and the Motley Mopsters na 2020, da kuma Iwájú na 2024 wanda kamfanin Kugali ya yi tare da Disney. Siffa irin wannan tana ba mai zane damar ƙara girman ido yadda saukarsa da ɗagowarsa za su fito sarai ko a ƙaramin allon waya, tana ba shi damar rage ninkin mayafi zuwa abin da kwamfutarsa da wutar lantarkin da yake samu za su iya ɗauka, kuma ba ta buƙatar ɗakin ɗaukar motsi. Abin da zai buƙata a madadin haka shi ne ya zauna da tsofaffin kaset na wasannin talabijin na Kaduna da finafinan bidiyo na farko, ya riƙa tsayar da hoto yana ƙirga tsawon shirun da budurwa ke yi kafin ta amsa sallamar saurayi.